Yadda za ki gane laulayi da ciwon da ke nuna ciki ya zauna a bayan mahaifa

'Yar uwa tunda tsinken gwaji ya nuna layi biyu nasan duk ɗan motsin da mararki tayi sai gabanki ya faɗi, balle in kin taɓa jin labarin wadda aka yiwa tiyata saboda ciki ya zauna mata a bayan mahaifa. Abun yana faruwa, a cikin ciki 100 ana samun 1 zuwa 2, kuma fiye da kashi 90 nasu a bututun da ƙwai ke bi ya gangaro mahaifa suke maƙalewa. Bututun nan siriri ne bazai iya ɗaukar ciki ba, yana girma yana matse shi har ya fashe jini ya dinga zuba a cikin cikinki ba tare da kin gani a waje ba. Shi yasa ba'a wasa dashi. Amma kinga lissafin, mafi yawan masu wannan fargabar lafiyarsu ƙalau.

Fara da lissafin satinki. Daga ranar farko ta al'adarki ta ƙarshe ake ƙirgawa, ba daga ranar da kika yi ɓatan wata ba, wato ranar da kika ga al'ada bata zo ba kin riga kin kai wajen sati 4. Rubuta ranar a waya dan itace tambayar farko da za'a miki a asibiti. Alamun cikin bayan mahaifa galibi tsakanin sati 4 zuwa 12 suke fitowa.

Abubuwan da ba na tada hankali bane kin san yawancinsu, tashin zuciya, amai, tsartar da miyau, nono yayi nauyi yana ciwo, kasala da bacci, yawan fitsari, warin girki ya dameki. Mara ma tana ɗan murɗawa kamar al'ada zata zo, ya zo ya tafi, in kin kwanta ya lafa. Wasu har ɗan ɗigon jini suke gani kwana ɗaya biyu ya ɗauke. Akwai kuma ɗan ciwo a gefe ɗaya da yake zuwa daga inda ƙwan ya fito, wurin yakan yi 'yar jakar ruwa da take tallafar cikin a watannin farko, shi ba matsala bane sai dai a gida baza ki iya raba shi da ciwon cikin bayan mahaifa ba. Kuma dan Allah a daina cewa rashin laulayi alama ce ta matsala, mata nawa ne suka haihu ko amai ɗaya basu yi ba. Haka yawan laulayi ma baya tabbatar da cewa cikin yana inda ya dace.

Tsinken gwaji fa? Shi sinadarin hCG, wanda jiki ke fitarwa in ciki ya shiga, kawai yake gani a fitsari, kuma cikin bayan mahaifa ma yana fitar dashi, toh ko tsinke goma kika siya a kemis bazai gaya miki inda cikin ya zauna ba. Sikanin ne kawai.

Dan haka shawarata kiyi sikanin da wuri, wajen sati 6 zuwa 7, kar ki ce sai wata huɗu ko biyar lokacin da mutane suka saba fara awo. Ki gayawa mai sikanin ɗin kai tsaye so kike a duba ko cikin yana cikin mahaifa. Wanda ake yi ta gaba yafi gani da wuri akan wanda ake ɗorawa a kan mara, daga sati 5 yana iya nuna jakar cikin, wajen sati 6 a fara ganin bugun zuciya. Nasan da yawa suna jin nauyinsa, ki nemi mace ta miki in akwai, kuma baya zubar da ciki. In aka ce ba'a ga komai a mahaifa ba alhali gwaji ya nuna ciki, kar ki tafi gida ki zauna wai ciki ya kwanta, ko dai lissafin ne bai kai ba, ko ɓari akayi, ko yana waje. Anan likita zai sa a auna hCG a jini a sake aunawa bayan awa 48, na lafiyayyen ciki yana hawa sosai a wannan tsakanin, na bayan mahaifa sau da yawa jan ƙafa yake yi ko ya tsaya. Ki koma ranar da aka ce ko da kina jin garau.

Wasu kam bai kamata su jira alama ba sam, da ganin layi biyu su nufi asibiti. Wadda ta taɓa yin irin wannan cikin, wadda ta sha fama da ciwon sanyin da ya hau har mahaifa da bututu (shi yake barin tabo ƙwai ya kasa wucewa, kuma a wajenmu maganin sanyi na rabi da rabi ya yi yawa wallahi), wadda aka taɓa yiwa aiki a bututu, wadda ciki ya shiga alhali da robar tsarin iyali a mahaifarta, wadda aka yiwa dashen ƙwai, da mai shan sigari.

Ga kuma wanda ba'a kwana dasu a gida. Ciwo a gefe ɗaya na mara da yaƙi tafiya ko yake ƙaruwa, jini baƙi-baƙi ko ruwa-ruwa da bai yi kama da al'adarki ba musamman in ya haɗu da ciwon, zafi lokacin bayan gida ko jin kamar kashi ya matse ki amma babu komai. Ranar ki je. In kuwa ciwon ya soke ki lokaci ɗaya, jiri, gumi mai sanyi, tafin hannu da cikin ido sun yi fari, zuciya na bugawa da sauri, suma, ko ciwo a ƙarshen kafaɗa daidai inda hannu ya fara, to emajensi ne ko ƙarfe biyun dare ne. Wannan na kafaɗar mutane basa haɗa shi da ciki, jinin da ya taru ne yake taɓa wata jijiya a ƙasan ƙirji sai kafaɗa ta amsa.

A je asibitin da ake tiyata kuma ake ƙarin jini, ba kemis ba, ba gidan mai allura a unguwa ba, dan abun yana kama da taifod ko olsa ko afendis har da zawo, sai a ɗaura miki ruwa ana ɓata lokaci. Kina shiga ki ce nayi ɓatan wata ko gwaji ya nuna ciki, ko ba'a tambaye ki ba. Kar ki ci kar ki sha a hanya saboda ko za'a shiga dake tiyata, a tafi da 'yan uwan da zasu iya bada jini. Ki yi maganar nan da maigida tun yau, in baya gari waye zai kai ki, lambar wane mai adaidaita ko mota za'a kira, kar sai kina murƙususu a tsaya neman izini. Su Mama ko uwar miji zasu iya cewa laulayi ne kiyi haƙuri ga jiƙo, ki basu girmansu ki ce likita ne yace in anga haka a zo.

Kan maganin ciwo, farasitamol ya isa a ɗan ciwon mara. Ki bar ibuprofen da diclofenac sai likita yace, kuma ciwon da farasitamol ya kasa kwantarwa shima dalilin zuwa asibiti ne.

In aka tabbatar a waje yake, cikin bazai rayu ba kuma ba'a iya mayar dashi mahaifa, wannan yana da ciwo a zuciya, Allah ya baki haƙuri ya musanya da mafi alheri, ba wani aiki ko ɗaukar kaya da kika yi bane ya jawo. In an gano da wuri kafin ya fashe wasu allurar methotrexate ake musu ba sai an yanka ba, sai a cigaba da auna jini har ya sauka, kuma a jira wata 3 kafin a sake neman ciki. In ya fashe sai tiyata, sau da yawa a cire bututun, kuma da ɗayan da ya rage mata da yawa suna sake ɗaukar ciki su haihu. Ki tambayi rukunin jininki, in nagetif ne ki tuna musu maganar allurar anti-D, wadda take kare ciki na gaba daga matsalar saɓanin jini. Ki adana takardar sallama, ciki na gaba da ita zaki je sikanin tun sati 6.