Yadda ake haɗa ich, kwaɗon barzajjiyar alkama na Armeniyawa

Ich abinci ne da aka fi sanin Armeniyawan yamma da shi, waɗanda asalinsu daga garuruwa irin su Marash da Aintab ne a kudancin Turkiyya ta yau. Bayan kisan gillar da aka soma yi musu a 1915, waɗanda suka tsira sun tafi da girkinsu biranen Halab a Siriya da Beirut a Lebanon, daga can kuma ya bazu har Faransa da Amurka. Da yake babu nama ko madara a cikinsa, ya dace da babban azumin da Kiristocin Armeniya suke yi kafin bikin Ista.

Ginshiƙinsa shi ne bulgur, wato alkamar da aka turara, aka shanya ta bushe, sannan aka barza. Ana sayar da shi hawa-hawa, kuma mai laushin, wanda ake rubuta wa lamba 1 a jikin leda, shi ake buƙata. Tun da an riga an dafa alkamar tun kafin a barza ta, ba a sake ɗora ta a wuta. Miyar tumatir mai zafi ce za ta jiƙa ta har ta nuna. Wanda ya tafasa ta a tukunya ya ɓata aikin, domin za ta caɓe ta dunƙule, alhali ana son ta fito warwar kamar dambu.

Ga kofi biyu na bulgur, a yanka albasa biyu da koren tattasai ɗaya ƙanana-ƙanana, a soya su a rabin kofi na man zaitun a wuta kaɗan har albasar ta yi laushi ba tare da ta ƙone ba. Sai a zuba cokali uku na tumatirin gwangwani a ci gaba da juyawa na ɗan lokaci, domin suyar ce take kashe tsaminsa, kuma za a ga man ya yi ja ya taso a gefe. Daga nan a ƙara markaɗaɗɗen ɗanyen tumatir da ruwa gwargwadon yadda miyar za ta kai kofi uku, a sa gishiri da garin barkono. Armeniyawa sun fi son barkonon Halab saboda ƙamshinsa da sauƙin yajinsa. Idan ta tafasa na kamar minti goma, a sauke, a juye bulgur a ciki, a gauraya, a rufe.

A nan ne ake buƙatar haƙuri. A bar shi a rufe minti 30 zuwa 45, a buɗe sau ɗaya a motsa da cokali mai yatsu. Idan an ɗanɗana an ji yana garas-garas a haƙori, a yayyafa ruwan zafi kaɗan a sake rufewa.

Sai ya huce sarai ake zuba ganye, don zafi yana sa shi yaushi ya yi baƙi. A yanka lawashi da ganyen fasili da yawa, a matse lemon tsami biyu, a gauraya. Wasu gidaje suna ƙara ruwan rumman da aka dafa ya yi kauri, kuma a ganina yana ƙara masa armashi ƙwarai, amma sai a rage lemon don kada tsami ya yi yawa. Ana cin sa da sanyinsa, a ɗiba a cikin ganyen latas ko na kabeji a naɗe, kuma idan ya kwana a firij ya fi daɗi washegari.