Yadda Za a Gane Sankarar Jini a Jikin Yaro da Yadda Za a Tafiyar da Jinyarsa

Sankarar jini ita ce nau'in kansa da ya fi yawa a tsakanin yara, kuma tana farawa ne daga ɓargo, inda jiki ke ƙera ƙwayoyin jini. Fararen ƙwayoyin da ba su nuna ba sukan yi ta hayayyafa har su cika ɓargon, su hana shi samar da jajayen ƙwayoyi da lafiyayyun farare da waɗanda ke sa jini ya daskare. Kimanin kashi uku cikin huɗu na yaran da suka kamu suna da nau'in sankarar jinin da likitoci ke kira ALL a taƙaice, wanda ya fi kama masu shekara 2 zuwa 5, sauran kuma galibinsu suna da wani nau'in ne da ake kira AML. Cutar ba ta yaɗuwa daga wani zuwa wani, kuma ba sakacin iyaye ke jawo ta ba.

Alamominta suna biyo bayan wannan cunkoso ne. Yaro zai ɗashe, tafin hannunsa da cikin idonsa su yi fari, ya riƙa gajiya da wuri. Zazzaɓi zai yi ta dawowa duk da magani, a ga tabon taruwar jini a fata ba tare da ya buge ba, ko haɓo, ko jini daga dasashi. Wani yakan ƙi tafiya saboda ciwon ƙashi, wani kuma kaluluwa ta fito masa a wuya ko hammata, ko cikinsa ya kumbura saboda girman hanta da saifa. Kowace daga cikinsu tana iya zama ta wata ƙaramar cuta, amma idan suka haɗu ko suka ƙi wucewa, a nemi gwajin ƙirga ƙwayoyin jini. Kada a ba yaron magunguna irin su prednisolone kafin bincike, domin sukan ɓoye cutar su rikita sakamako.

Tabbatarwa tana buƙatar ɗebo ɗan ɓargo da allura daga ƙashin ƙugu bayan an sa yaron barci ko an yi masa allurar kashe zafi a wurin, sannan a ɗebi ruwan da ke kewaye da laka ta gadon baya domin a ga ko cutar ta kai can. Daga nan sai kemoterafi, wato jinya da magungunan kashe ƙwayoyin kansa, wanda a nau'in ALL yakan ɗauki shekara 2 zuwa 3. Zangon farko na mako 4 zuwa 6 ya fi tsanani, kuma a nan ake yawan kwanciya a asibiti da ƙarin jini. Zangon ƙarshe, mafi tsawo, galibi a gida ake yin sa da ƙwayoyin mercaptopurine kullum da methotrexate mako-mako. Jinyar AML ta fi gajarta amma ta fi zafi, kuma wasu yaran sukan buƙaci dashen ɓargo.

Babban aikin mai jinya shi ne sa ido a kan zazzaɓi. Maganin yana karya garkuwar jiki, ta yadda ƙwayar cutar da lafiyayyen yaro zai shanye tana iya kai wannan ga halaka cikin 'yan sa'o'i. A ajiye ma'aunin zafi kusa, kuma da zarar ya nuna 38 a ma'aunin Selshiyas a kama hanyar asibiti, ko da tsakar dare ne, ba tare da an fara ba shi farasitamol a jira a gani ba. Asfirin da ibuprofen kuwa a guje su, saboda suna ƙara haɗarin zubar jini. A yawaita wanke hannu, a dafa abinci ya dahu sosai, a nisanta yaron daga mai ƙyanda ko ƙarambau, kuma kada a yi masa wata allurar rigakafi sai da iznin likitansa. Zubewar gashi da ke tayar wa iyaye hankali ba abin damuwa ba ce sosai, gashin zai dawo. Gyambon baki da ke hana cin abinci ya fi cancantar a kai rahotonsa.

Kuskuren da ya fi muni yakan zo ne bayan zangon farko, lokacin da gwaji ya daina nuna cutar, yaro ya murmure ya koma wasa, iyaye su ɗauka an gama. Akwai ragowar ƙwayoyin da gwajin bai gani ba, kuma idan aka yanke magani cutar takan dawo da taurin kai fiye da da. A inda ake kammala jinya yadda ya kamata, kusan yara 9 cikin 10 masu ALL suna rayuwa, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe da yawa masu ƙaramin ƙarfi waɗanda ke warkewa daga kansar yara ba su kai kashi 30 cikin 100 ba, kuma barin magani a tsakiya yana cikin dalilan. Saboda haka a buɗe littafi na musamman, a riƙa rubuta sunan kowane magani da adadinsa da ranar komawa asibiti da sakamakon gwajin jini, kuma idan wahalar kuɗi ko nisa ta fara barazana ga zuwa, a faɗa wa likita ko ma'aikatan jinya tun kafin ranar ta wuce.