Yadda ake lallaɓa sabuwar motar gudu mai giyar atomatik

Sabon inji bai gama zama daidai ba ranar da ka karɓi makulli. Ringin fistin, wato zobban ƙarfe da ke kewaye da fistin a cikin inji, sai sun goga da bangon silinda sun kwanta, kuma a kilomitocin farko ake wannan aiki. Idan suka kwanta ba daidai ba, injin zai iya riƙa ƙona man inji har ƙarshen rayuwarsa.

Da farko buɗe littafin motar, domin kowane kamfani da iyakarsa. BMW na so a yi kilomita 2,000 na farko a hankali, Porsche kuma 3,000. Motar Corvette ta zamani ta kamfanin Chevrolet ma ita ke rage ƙarfin giyar farko da ta biyu da kanta har a cika mil 500. Lambar da ke littafinka ita ce doka.

Kowace safiya, ka tayar da mota ka tafi a hankali, kada ka bar ta a tsaye tana gunji. Jira man inji ya ɗumama, ba ruwa kaɗai ba, domin mai ya fi jinkirin zafi.

Ga inda atomatik ke yaudarar mutum. A D, wato inda mota ke canza giya da kanta, giyar tana hanzarin haurawa sama, ta bar inji yana juyi ƙasa-ƙasa a wuri guda. Ka taka totur har ƙasa kuwa, sai ta sauko da giya biyu ko uku lokaci guda, allurar juyin inji ta tsallake iyakar da littafin ya sa wa sabon inji kafin ka ankara. Dukansu biyun ba a so. Saboda haka ka koma M, wato inda kai ke zaɓar giya, ka riƙa canza ta da sandar giya ko da fikafikan canza giya da ke bayan sitiyari. Ka haura zuwa juyi 3,000 a minti, ka ƙara kaɗan, ka sake totur motar ta rage gudu da kanta a cikin giya, sannan ka sake hawa. Wannan hawa da sauka shi ke matse ringi da bango. Ni kam na fi son hanya mai kwana da tudu a wannan lokaci fiye da miƙaƙƙiyar babbar hanya. Na'urar riƙe gudu ɗaya, kashe ta. Tsarin fizgewa daga tsaye, kada ka taɓa shi tukuna, komai zumuɗi.

Birki da taya ma sababbi ne. Kilomita 300 na farko taya ba ta gama kama ƙasa ba, kuma birki yana son taka mai laushi, don haka ka bar tazara.

Duk lokacin da ka sha mai, duba man inji. Bayan ka cika adadin kilomitocin da littafin ya faɗa, kada ka buɗe mata wuta a rana ɗaya. Ƙara juyi kaɗan-kaɗan cikin wasu ɗaruruwan kilomita. Idan littafin ya ce a yi juyen mai na farko a nan, kamar yadda ake yi wa motocin BMW M a kilomita 2,000, kai ta a kan lokaci.