Darasi na 7: Me takardar awon jini take faɗi game da ciwon hanta?

Mutane da yawa a Damagaram ba sa sanin suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B sai ranar da ɗan'uwa ya buƙaci jini. Mutum ya je ba da jini da ƙarfinsa, idonsa bai yi shawara ba, sai ma'aikacin ɗakin awo ya ja shi gefe ya ce, "Malam, naka ba za a ƙara wa marar lafiya ba." Daga nan wasu kan ninke takardar su sa aljihu, ba su sake komawa. Yin haka babban haɗari ne.

Kafin a ƙara wa kowa jini, ana auna shi don cututtuka huɗu: sida, ciwon hanta B, ciwon hanta C da tunjere. Sakamakon yana fitowa da Faransanci. Ku dubi waɗannan haruffa, ku rubuta su a allo: AgHBs.

AgHBs ɓangare ne na ɓawon ƙwayar ciwon hanta B. Wani likita ɗan Amurka, Baruch Blumberg, shi ya gano shi a shekarun 1960 cikin jinin wani mutumin Ostareliya, har ya samu lambar Nobel a 1976. Daga bincikensa aka samu hanyar auna jini da allurar rigakafi. Idan takarda ta ce AgHBs "positif", ƙwayar tana cikin jini yanzu. Amma awo ɗaya ba ya yanke hukunci. Sai an sake bayan wata 6. In har tana nan, to ta zauna ke nan, sai likita ya duba lafiyar hanta da yawan ƙwayar, ya ga ko lokacin shan magani irin su tenofobir ya yi. Ba kowa ake ɗora wa magani ba, amma kowa sai an riƙa bibiyarsa, domin cutar na iya cin hanta shekaru a ɓoye har ta ƙeƙashe ko ta kamu da ciwon daji.

Akwai wasu haruffan kuma: anti-HBs. Wannan garkuwar jiki ce. Kamar dogarin fada ne da ya taɓa ganin rigar ɓarawo, duk ranar da ya sake ganinta sai ya cafke. Idan anti-HBs ne ya fito "positif", labari mai daɗi ne: ko an yi maka rigakafi, ko cutar ta taɓa shiga jiki ya kore ta. Masu awo na ɗaukar lamba 10 zuwa sama a matsayin kariya.

Ga abin da ya fi damuna. Babban mutum in ya kamu, jikinsa kan kore cutar, bai kai 5 cikin 100 ba take zaunar wa. Jariri kuwa garkuwarsa ba ta nuna ba, wajen 90 cikin 100 na waɗanda suka ɗauka wurin haihuwa da ita za su girma. Shi ya sa ke mai ciki, ki roƙi a auna miki AgHBs ranar awon ciki, ki kuma tambayi ungozoma allurar da ake so a yi wa jariri cikin awa 24 da haihuwa. Sauran allurai na sati 6, 10 da 14 kada ɗaya ta wuce.

Ƙwayar tana iya kwana 7 da rai a busasshen jini. Askar wanzami, ƙaho, reza ta yankan farce, allurar da aka yi wa wani, duk hanya ce, haka ma saduwar aure. Cin tuwo a kwano ɗaya ko musafaha ba sa kawo ta, don haka kada a ware wa mai ita akushi.

Aiki: kowa ya rubuta AgHBs da anti-HBs a littafinsa, ya bayyana wa na kusa da shi bambancinsu da baki.