Kurakuran da ake yi da -te tamaranai da 'yan'uwanta a Japananci

Mai shirin jarrabawar JLPT ta ƙwarewa a harshen Japananci, matakin N3 ko N2, dole ya ci karo da -te tamaranai, -te naranai da -te shikata ga nai. Dukkansu na nuna abin da ya taso wa mutum a rai ko a jiki har ya fi ƙarfinsa.

Tun a wajen haɗi ake fara tuntuɓe. Ba a cewa atsui tamaranai. Sifa mai ƙarewa da -i tana komawa -kute: atsukute tamaranai, zafi ya ishe ni. Sifar -na kuwa de take ɗauka, shinpai de tamaranai, hankalina ya tashi matuƙa. Haka -tai mai nuna son yin abu, tana komawa -takute: kaeritakute tamaranai, na ƙagu in koma gida.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne ɗora wannan siffa a kan wani. A Hausa muna cewa "ƙanena yana kewar gida" kai tsaye, ba wanda zai ga laifi. Japananci bai yarda ka faɗi abin da ke zuciyar wani kamar ka leƙa ka gani ba. Saboda haka otouto wa sabishikute tamaranai, kewa ta ishi ƙanena, ba ta zauna daidai a hira ba, sai an ƙara rashii ko you da a ƙarshe, wato "da alama". Marubucin labari na iya tsallake wannan, don shi ya san zuciyar taurarinsa. Kai da ke magana da malaminka, kada ka tsallake.

Sannan ukun ba sa maye gurbin juna ko'ina. Ƙishirwa, ƙaiƙayi da ciwo sun fi dacewa da tamaranai: nodo ga kawaite tamaranai, ƙishirwa ta ishe ni. Tunanin da ke zuwa da kansa kuwa, irin su ki ga suru (ji a jiki) da omoeru (gani kamar), ba ya tafiya da ita. Sai a ce ki ga shite naranai, jikina na ba ni. Naranai ta fi yawa a rubutu. Idan ka rasa wadda za ka zaɓa, shikata ga nai ta fi ɗaukar duka biyun, na jiki da na tunani, a hira da abokai kuma shou ga nai ake ji.

A kula da ƙaramar kalmar nan wa (は). Idan ta shiga tsakiyar -te naranai, ma'anar ta juye zuwa hani: wasurete wa naranai na nufin "kada a manta", ba ruwanta da abin da ke rai. Kafin ka amsa tambaya a jarrabawa, duba ko は (wa) na nan tsakanin て (te) da ならない (naranai).