Yadda ake kafa eriyar talabijin a kan rufi da haɗa mata wayar ƙasa

Yawancin eriyoyin da ake gani a kan gidajen Garwa da Marwa, a arewacin Kamaru, da rani aka kafa su, lokacin da babu mai tunanin hadari, shi ya sa da zarar hoto ya fito sai a sauko daga tsani a ce aiki ya ƙare. Iska da tsawar farkon damina, wajen Mayu da Yuni, su ne suke tona irin wannan aiki.

A fara da zaɓen wuri. Tazarar da ke tsakanin sandar da wayoyin lantarki ta kai ninki biyu na tsawon sandar tare da eriyar, domin ko ta faɗi kada ta taɓa su. A dubi inda eriyoyin maƙwabta masu kama CRTV, gidan talabijin na ƙasar Kamaru, sosai suke fuskanta, a kuma kauce wa wurin da dutse ko babbar darbejiya ta tare gaba. Sandar ta zama bututun ƙarfe marar tsatsa, ba gora ba, a ɗaure ta a jikin bangon siminti a wuri biyu, ta ɗara kwanon rufi da kamar mita 2. Idan ginin ƙasa ne, a kafa ta daga ƙasa da siminti, kuma in ta yi tsawo a ja ta da wayoyi uku ta ɓangarori uku.

Wayar ƙasa ita ce inda masu koyo suke ɓata aiki. Sau da yawa za a ga an naɗe siririyar wayar ƙwan lantarki a jikin sanda, an ɗaura ɗaya bakin a ƙusa an soke a gindin bango, mai gida kuwa yana ganin ya tsira. Wannan ba ta kare komai. Aikin wayar ƙasa shi ne ta kwashe wutar da iska mai ƙura take tarawa a eriya, da wadda walƙiyar kusa take jefowa, ta kai su ƙasa ta hanyar da ta fi ta cikin ɗaki sauƙi. Saboda haka dole ne ta zama ta tagulla mai kauri, wato mai kaurin murabba'in milimita 16, gajeriya kuma miƙaƙƙiya, ba naɗi ba lanƙwasa mai kaifi. A kankare fenti da tsatsa a gindin sandar, a matse wayar da maɗauri da noti.

Turken da za a kafa a ƙasa, a matse ɗaya bakin wayar a jikinsa da maɗauri, ya zama ƙarfe mai rufin tagulla, tsawonsa mita 1.5 a ƙalla, in an sami mai mita 2 ko fiye shi ya fi, kuma a buga shi da guduma har ya nutse duka, kamar mita 1 daga bango. Busasshiyar ƙasa ba ta ɗaukar wuta da kyau, ga shi a yankinmu baƙar laka tana tsagewa da rani har ta saki turken, don haka a nemi inda danshi yake daɗewa, kamar ƙarƙashin indararo ko kusa da makwararar ruwan wanka. Inda aka ci karo da dutse, kada a yanke turken a rage shi. A haƙa dogon rami mai zurfin rabin mita a kwantar da shi, ko a kafa biyu a haɗa su, tazararsu ta kai tsawon ɗaya. Wasu suna zuba gishiri a ramin. Ni ban yarda da shi ba, domin yana cin ƙarfe. Garin gawayi da ruwa sun isa. Idan gidan yana da nasa turken na lantarki, a haɗa su biyun da waya mai kauri, in ba haka ba bambancin wutar da ke tsakaninsu ta cikin talabijin zai bi. Kada a dogara da kwanon rufi ko bututun famfo, wanda yanzu galibi na roba ne. Tagulla tana da tsada, amma ba ta kai kuɗin talabijin da dikoda ba, kuma saboda ɓarayi gara a zura ta cikin bututun roba a jikin bango.

Kebul ɗin eriyar ma yana bukatar nasa haɗin. Akwai ɗan ƙarfe mai baki biyu da ake sa wa a daidai inda zai shiga ɗaki, daga nan a ja waya zuwa turken nan ɗaya. Kebul ɗin ya zama irin wanda ake kira RG6, a sako shi ƙasa kaɗan kafin ya shiga bango domin ruwa ya ɗige a waje, a kuma naɗe mahaɗin sama da salatif.

Sai a juya eriyar a hankali, wani yana kallon ma'aunin ingancin sigina, a matse noti inda ya fi cika, a sa talabijin ya nemo tashoshi. Ba a hawa rufi idan hadari ya haɗo, kuma duk da wayar ƙasa, a cire kebul da fulogi idan tsawa ta yi ƙarfi, domin babu turken da yake ba da tabbaci idan aradu ta faɗo kai tsaye. Bayan kowace damina a sake duba maɗauran biyu a kankare tsatsarsu.