Kurakuran da matasa ke yi wajen auna tsadar gari kafin karɓar aiki

Matashin da ya kammala hidimar ƙasa, ya sami tayin aiki a Abuja da wani a Kano ko Kaduna, yakan duba wanda albashinsa ya fi tsoka ya yanke shawara nan take. Kuskuren farko ke nan, domin adadin da ke rubuce a takardar ɗaukar aiki ba shi ne ke shiga asusu ba. Ana cire haraji, ana kuma cire aƙalla kashi 8 cikin 100 na fansho kamar yadda dokar 2014 ta tanada. Ya kamata ya nemi a gaya masa ainihin abin da zai zo hannunsa a ƙarshen wata, a kansa zai gina lissafinsa.

Kuɗin haya ya fi komai kayar da sabon ma'aikaci. Albashi wata-wata yake zuwa, amma mai gida kuɗin shekara yake so a dunƙule, ga kason dillali wanda sau da yawa yake kai kashi 10 cikin 100, ga kuɗin rubuta yarjejeniya, wani wurin har da ajiyar gyaran ɓarna. Wanda bai tanadi wannan ba yakan fara aiki da bashi a wuyansa.

Daga nan sai ya gudu zuwa inda ɗaki ke da sauƙi, idan a Abuja yake aiki ya kama a garuruwan da ke kewaye da ita kamar Mararaba ko Masaka ko Suleja, yana ganin ya yi dabara. Amma duk wanda ya taɓa tsayawa bakin titin Mararaba bayan sallar asuba, yana rige-rigen shiga mota da ɗaruruwan mutane kafin cunkoson hanyar Keffi ya kankama, ya san cewa abin da aka rage a haya ana biyan sa a mota da kuma lafiyar jiki. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, wannan lissafin ya ƙara nauyi. Gyaran abin shi ne mutum ya bi hanyar da kansa ranar Litinin da safe kafin ya biya ko sisi, ya ninka kuɗin zuwa da dawowa sau 22, wato kimanin kwanakin aiki a wata, ya haɗa da hayar wata, sannan ya kwatanta da ɗakin da ke kusa da ofis.

Wuta da ruwa ma ana mantawa da su. A tambayi maƙwabta ko gidan yana da mita mai kati, ko unguwar tana rukunin A, wato na masu samun wuta mafi yawa, da aka ƙara wa kuɗin lantarki a Afrilun 2024, da kuma ko famfo na zuwa ko sai an sayi kura wajen 'yan garuwa.

Akwai kuma kuɗin zumunci, wanda a ganina bai kamata a ji nauyin rubuta shi cikin kasafi ba. Wanda iyayensa ke Sakkwato yana aiki a Legas zai zo gida sallah, zai zo ɗaurin aure da ta'aziyya, kuma za a riƙa sa rai da aikensa saboda an ji yana babban birni.

Duk da haka, zaɓar gari don araharsa kaɗai shi ma kuskure ne. Idan sana'ar mutum ta fi samun masu koyarwa da damar ci gaba a Legas ko Abuja, yana iya jure matsi na shekara biyu, muddin ya shiga da sani, ya sami abokin raba haya, kuma yana da ajiyar da za ta riƙe shi wata uku idan albashin farko ya yi jinkiri.